Yadda za ka fara darasin tarihin fim ta intanet daga Bauchi

Darasin tarihin fim yana cikin darussan da ɗalibai ke rububin yin rajista, saboda ganin da ake yi ai kallo ne, kuma kowa ya iya kallo. Sai an kai mako na uku ko na huɗu mutum ya tarar fim biyar sun taru masa bai kalla ba, data ta ƙare, malami kuma yana jiran rubutu a kan wani fim na 1925 da ba a magana a cikinsa. Yawancin masu faɗuwa a wannan gaɓa suna da basirar da za su ci darasin, shirin makon farko ne ba su yi ba. An tsara wannan jagora domin ɗalibin da ke zaune a Bauchi, ko a Gwallameji ko Yelwa ko cikin gari, wanda zai yi karatunsa da waya ko 'yar kwamfutar cinya, da wutar da ba a san lokacin zuwanta ba.

Kafin ka biya ko sisi

Fara tantance irin darasin da ke gabanka, domin ba duka ne ke kai mutum wuri ɗaya ba. Akwai wanda yake cikin karatun digiri ko difloma, yawanci a sashen aikin jarida ko na wasan kwaikwayo, kuma makinsa yana shiga sakamakonka. Jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, alal misali, tana da cibiyar karatu a Bauchi, can za ka je ka tambayi jerin darussan sashen da kake so ka ga ko da tarihin fim a ciki. Akwai na kwalejojin ƙasashen waje da ake biya da dala. Akwai kuma na shafuka irin su Coursera da edX, masu ba da takardar shaidar kammalawa. Wannan takarda tana da amfaninta, amma ba digiri ba ce, kada wani ya sayar maka da ita a matsayin haka. In digiri ake maka alkawari a Najeriya, ka duba ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da makarantar da kuma shirin karatun nata na nesa.

Daga nan sai ka aika wa makarantar tambaya uku a rubuce, ka ajiye amsar. Laccar kai tsaye ake yi ko naɗaɗɗiya ce da za ka sauke lokacin da ka ga dama? Yaya ake jarrabawa, a cibiya ko a gida da kyamara a kunne? Ta ukun ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa: wa zai samar da fina-finan? Kwalejojin waje da yawa suna dogara da rumbun fina-finai na ɗakin karatunsu, lasisin wasu fina-finan kuwa na ƙasarsu ne kawai. Sai ka biya kuɗi, ka danna fim, allo ya ce ba a iya kallonsa daga inda kake. Ka nemi a ba ka damar gwada fim ɗaya daga Najeriya kafin wa'adin janyewa da karɓar kuɗi ya wuce. In kuma da dala za a biya, je bankinka tun da wuri ka ji ko katinka yana biya a waje da iyakar abin da zai iya biya a wata.

Silabas: karanta shi da biro a hannu

Ranar da aka buɗe maka shafin darasi, kada ka fara da bidiyon maraba. Nemi silabas, wato takardar da ke bayyana tsarin darasin, ka sauke shi, in da hali ka kai shagon buga takardu a fitar maka da shi, shafi biyar ko shida ne galibi. Abu huɗu za ka tsamo daga ciki ka kwafe a shafin farko na littafinka: sunayen fina-finan da tsawon kowanne, ranakun miƙa aiki, yadda aka raba maki, da hukuncin wanda ya makara.

Sai lissafin lokaci. A tsarin Amurka, kowane yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta aji da awa biyu na karatun gida a mako. Darasi mai yunit 3 ke nan awa 9 a mako, a zangon mako 15. In an matse darasin cikin mako 8, abin ya kusa ninkawa. A tarihin fim waɗannan awanni na gaske ne, saboda fim mai awa biyu ba ya kalluwa a minti arba'in. Raba su tun yanzu: dare ɗaya na kallon farko, wata safiya ta karatu da lacca, wani zama na kallo na biyu da rubutu. Mai shago a Wunti ko Muda Lawal ya san ranar da kasuwa ke lafawa, ma'aikaci ya san Asabar ɗinsa. In zangon zai ratsa azumi, duba makonnin da suka faɗa ciki ka yi gaba da kallonsu tun kafin a ga wata.

Agogo kuma yana kayar da mutane. In an rubuta a miƙa aiki ƙarfe 11:59 na daren Lahadi agogon New York, a Bauchi ƙarfe 4:59 na asubar Litinin ke nan daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma 5:59, saboda su suna sauya agogonsu sau biyu a shekara, mu ba ma yi. Wannan rara ce a gare ka. Amma in makarantar a Indiya take, 11:59 na darensu ƙarfe 7:29 ne na yammarmu, wanda ya bari sai bayan isha'i ya riga ya makara. Manhajojin karatu irin su Canvas da Moodle suna da wurin zaɓen agogo a saitin asusu. Sa agogon Legas, sai ranakun su fito maka daidai da namu.

Data, wuta, allo da kunne

Ga lissafin da zai hana ka mamaki. Bidiyon da ke zuwa da saurin megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin MB 450 a awa. Ingancin 480p yana kusa da wannan, don haka fim mai awa biyu zai ci wajen GB ɗaya. A 720p kuwa ka sa ran ninki biyu ko fiye. Fim 15 a zango ke nan GB 15 a mafi ƙaranci, ban da lacca, ban da kallo na biyu. Shi ya sa duk inda aka halatta saukewa, sauke sau ɗaya ka ajiye. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare mai rahusa, daga wajen tsakar dare zuwa asuba. Jera abin da za ka sauke tun da yamma, ka jona waya da caji, ka bar ta tana aiki. Lacca, wadda fuskar malami ce da rubutu, 360p ya ishe ta. Fim kuwa kada ka sauko da shi ƙasa da 480p, domin a fim baƙi da fari inuwa ita ce rabin aikin, kuma ita ce farkon abin da ke dagulewa in inganci ya yi ƙasa.

Katin ajiya mai GB 64 zai ɗauke maka zangon gaba ɗaya. Akwai jabu a kasuwa, masu nuna 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, sai fayil ya ƙi buɗewa bayan an kwafa. Gwada shi ranar da ka saya: cika shi da bidiyo, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Wajen sa wa fayil suna, fara da shekara, sai darakta, sai sunan fim, kamar 1925 Eisenstein Potemkin. Da kansu za su jeru bisa tarihi, kullum ka buɗe jakar kana bitar darasi ba ka sani ba.

Batirin ajiya mai 10,000mAh ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, wajen kashi biyu cikin uku ne ke isa wayarka, sauran yana tafiya a canjin ƙarfin wuta da zafi.  A zafin Maris da Afrilu kada ka haɗa caji da kallo da ajiye waya a kan katifa, za ta yi zafi ta rage haske ta fara sarƙewa.

Allon waya ya yi ƙanƙanta ga fim ɗin da aka yi domin bangon silima. In akwai talabijin mai ramin filasha a gida, kwafa fim ɗin ka kalla a can, ko ka haɗa kwamfuta da shi da wayar HDMI. In waya ce kaɗai, to kashe fitila, sa abin kunne, rufe sanarwar WhatsApp. Sauke manhajar VLC, kyauta ce. A kwamfuta, harafin E yana matsar da hoto firem ɗaya-ɗaya, wato tsayayyen hoto ɗaya bayan ɗaya, Shift da S suna ɗaukar hoton allo, G da H kuma suna gyara fassarar ƙasan allo in ta riga magana ko ta yi baya. A YouTube, in ka tsayar da bidiyo, waƙafi da aya su ke yin aikin matsar da firem.

Makon farko a shafin darasi

Shiga da kwamfuta da waya duka biyu, ka tabbata kalmar sirri tana aiki. Kunna sanarwar imel. Yawancin darussa suna da ɗan aikin gwaji ko gabatar da kai, yi shi ranar farko, domin wasu makarantu da shi suke tabbatar da cewa ɗalibi ya halarta, wanda bai yi ba a cire sunansa. Gwada ɗora fayil tun babu matsi. Rubuta aikinka a Word ko Google Docs, kada ka rubuta kai tsaye cikin akwatin shafin, saboda in sabis ya yanke duk abin da ka rubuta ya tafi. Bayan ka miƙa, ɗauki hoton allon da ke nuna rana da lokaci. Ranar da aka ce ba a ga aikinka ba, wannan hoton ne shaidarka.

In za ka rubuta wa malami, sa lambar darasi a kan saƙon, ka gaishe shi da muƙaminsa, Malam ko Dakta ko Farfesa, ka faɗi cikakken sunanka da lambarka, sannan tambaya ɗaya a fili. A wannan makon ne kuma ya kamata ka duba jerin fina-finan da idon tarbiyyarka. Wasu fina-finan Turai da Amurka, musamman daga shekarun 1960, suna da tsiraici ko abin da ba za ka so kallo ba. Malamai da yawa suna ba da madadi in an nema da ladabi tun farko. Wanda ya bari sai ranar miƙa aiki, za a ɗauka uzuri yake nema.

Hanyar da darasin zai bi

Kusan kowane silabas yana farawa daga Paris, ranar 28 ga Disamba 1895, lokacin da 'yan'uwan nan biyu Auguste da Louis Lumière suka nuna gajerun fina-finai ga mutanen da suka biya kuɗin shiga. Kafin su akwai akwatin Edison a Amurka, wanda mutum ɗaya ke leƙawa. Daga nan sai Georges Méliès da dabarunsa na rufa-ido a 1902, sai yadda aka koyi ba da labari ta hanyar yanka da haɗawa, sai Jamus da Rasha a shekarun 1920. Sauti ya shigo kasuwa da The Jazz Singer a 1927. Sai zamanin manyan kamfanonin Hollywood, da dokar tace fina-finai da suka fara tsanantawa a 1934, da hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1948 da ya raba kamfanonin da gidajen silimarsu. Bayan yaƙin duniya na biyu Italiyawa suka fito titi da kyamara suna ɗaukar talakawa, kamar a Bicycle Thieves na Vittorio De Sica a 1948. Japan ta ja hankalin duniya da Rashomon na Kurosawa na 1950, matasan Faransa kuma suka karya ƙa'idojin yanka a 1959 da 1960.

Kada ka haddace wannan kamar jadawalin lissafi. A kowane mako tambayi abu uku: wace na'ura ce ta samu a lokacin, wa ke zuba kuɗi, su wa ke kallo kuma a ina. Misali, da sauti ya zo sai kyamara ta daina yawo na ɗan lokaci, saboda ƙararta tana shiga makirfo, dole aka kulle ta cikin akwati. Wanda ya san wannan ba zai ce daraktocin 1929 ba su iya aiki ba. Haka faɗin allo: CinemaScope ya fito a 1953 ne lokacin da talabijin ke janye 'yan kallo, silima tana neman abin da akwatin gida ba zai iya ba.

Ja layin shekaru a bangon littafinka mai hawa uku, na sama Turai da Amurka, na tsakiya Asiya, na ƙasa Afirka. Indiya ta yi dogon fim ɗinta na farko, Raja Harishchandra na Dadasaheb Phalke, tun 1913, mai magana na farko kuma, Alam Ara, a 1931, da waƙoƙi a cikinsa tun daga ranar farko. Alam Ara ya ɓace, babu kwafinsa. Tsohon faifan fim da aka yi da sinadarin naitiret yana kama wuta kuma yana ruɓewa, wani binciken ɗakin karatun majalisar Amurka na 2013 ya nuna wajen kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta. Abin da ake koyarwa tarihin abin da ya tsira ne, ka riƙe wannan a ranka.

Yadda ake kallo

Nan ne darasin yake, kuma nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi.

Da farko tabbatar kwafin da ke hannunka shi ne malami ke nufi. Duba tsawon mintunan da aka rubuta a silabas ka gwada da naka. Metropolis na 1927 yana yawo a tsayi daban-daban, domin an yanke shi tun farko, sai a 2008 aka gano wani kwafi a Buenos Aires da ya dawo da wajen minti 25. Guji kwafin da aka shafa wa launi da kwamfuta, da wanda aka ɗora wa kiɗan zamani, da wanda masu fassara suka sa wa muryar Hausa suna ƙara nasu zancen. Waɗannan na nishaɗi ne. Tsofaffin fina-finai kusan murabba'i suke, faɗi 4 tsayi 3, saboda haka za ka ga baƙi a dama da hagu. Bar shi haka. In ka cika allo, ko dai fuskoki su baje ko a sare kawunan mutane. In ka ga mutane suna tafiya da sauri kamar ana korarsu, ba haka aka yi fim ɗin ba: da hannu ake juya kyamarar, sau da yawa firem 16 zuwa 18 a daƙiƙa, aka zo ana haska shi a 24, saurin da aka tsayar bayan zuwan sauti. Nemi kwafin da aka gyara. Fina-finan da suka haura shekara 95 sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, shi ya sa ake samun na zamanin shiru da yawa kyauta a shafin Internet Archive.

Kallon farko, daga farko har ƙarshe, ba tsayawa, ba ƙara sauri. Da an gama, rubuta layi biyar: me ya tsaya maka a rai, ina ka gaji, ina ka rikice. Sannan ka karanta babin da aka ba ka ka saurari lacca. Kallo na biyu ba na fim ɗin duka ba ne. Zaɓi fitowa ɗaya mai minti uku zuwa biyar, ka ja layi huɗu a takarda: lokaci, girman ɗauka, abin da ke cikin hoto, sauti. Ɗauka ɗaya ita ce daga yanka zuwa yanka. Duk inda aka yanke, tsayar, ka rubuta.

Ɗauki fitowar matattakalar birnin Odessa a Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, 1925, wadda da wuya a yi wannan darasi ba a sa ta ba. Jama'a suna tsaye a kan matattakala suna ɗaga wa jirgin ruwan yaƙi na Potemkin hannu. Sai sojoji su bayyana daga sama a jere. Lura ba a nuna maka fuskokinsu sosai, takalma ne da bindigogi da dogayen inuwoyi suna saukowa taki ɗaya. Mutanen da ake harbi kuwa fuska ake ba ka, kusa-kusa. Kowa yana gudu ƙasa, sai uwa guda ta ɗauki ɗanta da aka harba ta juya tana hawa sama, ita kaɗai take saɓa wa tafiyar hoton, har inuwar sojojin ta rufe ta. Can wata uwar ta faɗi, jikinta ya ture keken jaririnta, keken ya fara gangarowa. Ƙirga sau nawa aka bar keken aka tafi wata fuska aka dawo. Za ka tarar saukar da ba za ta wuce minti ɗaya ko biyu ba a zahiri an ja ta ta yi minti da yawa, kuma yankan ne ya ja ta. A ƙarshe jirgin ya yi harbi, aka nuna zakin dutse yana barci, wani ya farka, wani ya miƙe. Gumaka uku ne daban, ba ɗayansu da ya motsa, amma idonka ya ga zaki ya tashi. Wannan shi ake kira montaj. Kisan da aka nuna a kan matattakalar ma bai faru haka a tarihi ba, Eisenstein ne ya gina shi domin fim ɗin tunawa da juyin juya halin Rasha na 1905, kuma wannan kansa abin rubutu ne.

Aikin minti huɗu irin wannan zai ci maka awa guda a karon farko. Kada ka ji ɓata lokaci ne, daga takardar nan duk rubutunka zai fito. Ware shafukan ƙarshe na littafinka domin kalmomin fanni: a hagu kalmar yadda malami ya rubuta ta, a dama bayaninka da Hausa da misali daga fim ɗin da ka kalla. Kalmar Faransanci mise-en-scène, da ake furtawa mizansen, tana tsorata sababbi, alhali ma'anarta duk abin da aka shirya a gaban kyamara: ɗaki, sutura, haske, inda kowa ya tsaya.

Rubutu da inda ake zubar da maki

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ba da labarin fim. Malami ya kalle shi sau ashirin, ba ya bukatar a gaya masa wa ya auri wa. Na biyu shi ne yabo, a ce fim ɗin ya yi kyau, ya taɓa zuciya. Abin da ake so magana ce da za a iya musantawa, da hujja daga hoto. Maimakon ka ce fitowar Odessa tana da ban tausayi, ka ce Eisenstein ya hana sojoji fuska ya ba waɗanda ake kashewa, domin mai kallo ya ga gwamnati a matsayin inji, sannan ka kawo ɗauka uku da mintin kowacce. Sakin layi na yadda aka yi, sakin layi na dalilin da ya sa aka yi haka a wannan ƙasa a wannan shekara, aiki ya tsayu.

A tattaunawar aji ta mako-mako, yawanci ana so ka rubuta naka ka kuma amsa wa mutum biyu, kuma ranakun biyun daban suke. Ɗalibai da yawa suna yin na farko su manta na biyu, rabin maki ya tafi. Amsar "na yarda da kai" ba ta da maki, kawo wata ɗauka da ta ƙarfafa maganarsa ko ta rushe ta.

Duk jimlar da ka ɗauko daga wani wuri, sa ta cikin alamar zance ka faɗi mai ita, bisa tsarin da silabas ya ce. Makarantu suna bi da aiki ta manhajar gano kwafe irin su Turnitin, kuma hukuncin kan kai ga soke darasin. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma suna iya kawo maka fitowar da babu ita a fim, da cikakken ƙarfin hali. Malamin da ya san fim ɗin zai gane a layin farko. Karanta dokar makarantar a kansu ka tsaya a kanta.

Abin da kake da shi wanda 'yan ajinka ba su da shi

Silabas da yawa suna ba Afirka mako ɗaya, galibi Ousmane Sembène na Senegal, da Borom Sarret na 1963 ko La Noire de... na 1966. Wannan mako bai isa ba, kuma kai kana zaune a tsakiyar abin da aka tsallake. An fara nuna fim a Najeriya a Glover Memorial Hall da ke Legas a Agustan 1903. A 1926 Geoffrey Barkas ya yi Palaver a tsaunukan da Turawa ke kira da sunan Bauchi, yankin da ke jihar Filato a yau, cikin al'ummomin Angas da Sura. Fim ne mai cike da raini irin na mulkin mallaka, kuma saboda haka ya cancanci a zauna a feɗe shi ɗauka bayan ɗauka, a ga wa aka ba fuska wa aka mayar ado. Turawan mulki sun kafa sashen fina-finansu a 1939, motocinsu suna zagaya garuruwa suna haska fina-finan tsafta da noma da labarai a fili, abin da iyayenmu suka sani da majigi. Fina-finan Indiya sun cika silimun Arewa tun wajen shekarun 1950 da 1960. A Wagadugu ta Burkina Faso an fara bikin fina-finan Afirka na FESPACO a 1969, kuma Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautarsa a 1972.

Sai Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin Bauchi, shi ya rubuta littafin, aka buga a 1934. Adamu Halilu ya mayar da shi fim da Hausa a 1976. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, har aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Daga nan zuwa Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, wanda ake ɗauka mafarin kasuwar fim ɗin Hausa na bidiyo, akwai tambayar da ta isa babban rubutun ƙarshen zango: me ya sa faifan silima ya gagara, kaset ɗin bidiyo ya yi nasara? Amsar tana cikin tambayoyin nan uku, na'ura, kuɗi, da 'yan kallo.

In kana son bin wannan hanya, rubuta wa malami tun mako na huɗu ko na biyar, ka ba shi batun a jimla biyu, ka tambaya ko ya yarda da hira a matsayin madogara, domin wasu makarantu suna da ƙa'ida kan yin hira da mutane. In ya amince, nemi dattijo ko dattijuwa biyu ko uku da suka ga majigi ko suka shiga silima a Bauchi. Je da gaisuwa, ka bayyana musu abin da za ka yi da maganar, ka nemi izini kafin ka kunna naɗi, ka tambaya ko suna so a ambaci sunansu. Kada ka ce "Baba, ba ni tarihin silima", zai ba ka abin da kowa ke faɗa. Tambayi ƙananan abubuwa: a wane fili aka kafa farin ƙyallen, wa ke fassara da lasifika, nawa ne kuɗin shiga, ina masu kuɗi ke zama, mata suna zuwa ko a'a, me malamai da iyaye ke cewa game da mai zuwa silima. Rubuta rana da wurin hirar a farkon naɗin, ka kwafe ta a takarda cikin kwana biyu tun kana tuna abin da ya nuna da hannu, ka ajiye kwafi ɗaya a katin ajiya, ɗaya a imel ɗinka. Inda maganar dattawan biyu ta saɓa, kawo duka biyun a rubutunka, ka faɗi wanda ya faɗi kowacce da shekarunsa a lokacin da abin ya faru.